Daga ina za a fara sauraren faya-fayan Beach Boys, ƙungiyar mawaƙan Amurka?

Mun daɗe muna muhawara kan wannan tambaya ranar Asabar, ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya yarda kada sabon shiga ya fara da na farko, Surfin' Safari na 1962. Lokacin samarin Hawthorne ɗin nan na Kalifoniya ba su gama nuna ba, waƙoƙinsu da suka yi fice na hawan igiyar teku ne da motoci. Abin dariya, cikinsu Dennis Wilson kaɗai ya iya hawan igiyar.

Mafi rinjaye sun ce a fara da Pet Sounds na 1966. Tun ƙarshen 1964 Brian Wilson, jagoran ƙungiyar, ya ajiye yawon wasa, ya tare a situdiyo, kuma a nan aikinsa ya kai maƙura. Wani dattijo a cikinmu ya dage cewa a nemi bugun mono, wato mai fitar da sauti ta hanya ɗaya, domin Brian kunnensa na dama ba ya ji, da kunne ɗaya ya tace sautin. Ni ma na gwada, na ji kararrawar keke tsaf a cikin kiɗan.

Daga nan sai Sunflower na 1970, wanda bai yi kasuwa ba amma na fi son sa, sannan Surf's Up na 1971. Smile kuwa, da aka yi watsi da shi a 1967 har sai 2011 aka fitar da ɗaukarsa, an ce a bar shi sai kunne ya saba.

Summer in Paradise na 1992? Babu wanda ya tsaya masa.