Hoto kawai zai iya buɗe wa ɓarawo wayata?

Mai Atamfa, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia ta Kumasi, amma rabin cinikina a WhatsApp yake. Mace za ta ga zani a jikin wata a gidan suna, ta ɗauka ta turo mini, "Hajiya, kina da irinsa?" Wata rana hoto talatin ke shigowa, wasu daga lambobin da ban sani ba. Jiya ɗan yayata ya karɓi wayar, ya ga saƙon sabunta manhaja yana jira tun kafin azumi. Ya ce ana shiga wayar mutum ta hoto kawai. Wallahi ban yi barcin kirki ba, domin MoMo ɗina, wato asusun kuɗina na waya, da kuɗin adashin mata goma sha biyu duk a cikinta suke. Data nake ji, ga waya ta cika, shi ya sa nake ta ɗage sabuntawar. Da gaske ne maganar yaron?

Mai gyaran waya, Adum:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron bai yi ƙarya ba. Hoton da kike gani lambobi ne a dunƙule, akwai wata 'yar manhaja a cikin waya da ke warware su kafin ya bayyana. Idan mugu ya ƙera hoton da ma'aunin ƙarya, sai manhajar ta zuba bayanai su wuce wurin da aka ware musu, kamar a cika mudu har ya zube cikin buhun maƙwabci. Ta wannan zubewar yake cusa umarninsa.

An ga haka a Satumbar 2023. Masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto ta Kanada suka gano an sa manhajar leƙen asiri ta Pegasus a iPhone ta hotunan da aka aika a iMessage, manhajar saƙo ta iPhone, mai wayar bai taɓa komai ba. Apple, mai ƙera iPhone, ta fitar da sabuntawar iOS 16.6.1 don toshe ƙofar. Cikin kwanaki kuma aka gyara Chrome da Firefox, manhajojin shiga intanet, saboda ɓarakar tana cikin abin da ke karanta wani nau'in hoto da ake kira WebP, kuma manhajoji da yawa da shi suke aiki.

Amma ki kwantar da hankalinki. Irin wannan hari yana da tsada sosai, galibi 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka ake bi da shi. Abin da ke damuna shi ne bayan an sanar da ɓaraka, kowa ya san inda take, wanda bai sabunta ba shi ya rage a buɗe. Kullum ana kawo mini wayoyin da suka shekara biyu ba a sabunta ba, kuma da kuɗin mutane a ciki. Ki kwashe tsofaffin hotuna da bidiyon biki ki samu wuri, caji ya haura rabi, ki samu wayfai, ki shiga saitin waya ki sabunta. Sannan ki shiga Play Store ki sabunta WhatsApp da Chrome, nasu daban ne.

Ɗan Asawase:
Hajiya, ƙari ɗaya. Kada tsoro ya sa ki danna duk abin da aka turo da sunan sabuntawa. Ƙanwata an aiko mata da saƙo wai WhatsApp ɗinta zai rufe in ba ta sabunta ba, ta danna, aka nemi lambobi shida da suka shigo mata, ta bayar. Kafin la'asar ana roƙon kuɗi a wurin dangi da sunanta. Sabuntawar gaskiya daga cikin saitin waya ko Play Store take, ba ta neman lambar sirrin MoMo.

Mai Atamfa, Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Na goge bidiyo kusan ɗari biyu, na je shagon maƙwabcina mai wayfai, ta ɗauki kusan minti arba'in tana kashe kanta tana kunnawa. To ƙanena na Adum, tsohuwar wayar da na bar wa yarinyar shago fa? Ita wayar cewa take babu sabon abu.

Mai gyaran waya, Adum:
Ki duba a saiti, wurin bayanin waya, akwai kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In ya kai shekara biyu ko uku, to kamfanin ya daina aiko mata. Ta ci gaba da amsa kira da ita, amma in da layin MoMo a ciki ki cire shi yau ɗin nan, ki mayar da shi wadda kika sabunta.