Ina lissafin hasken Cherenkov yake tsayawa idan ƙa'idar Lorentz ta karye?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masana fiziks. Don Allah ku taimaka min, wani lissafi ya cije min.

Na gane yadda abin yake a cikin ruwa. Haske yana tafiya a wajen kashi 75 cikin 100 na saurinsa na fayau (sararin da babu komai a cikinsa), shi ya sa ilektaron mai gudu zai iya wuce shi ya fitar da shuɗin hasken nan na Cherenkov da Frank da Tamm suka yi bayaninsa a 1937. A tsarin Colladay da Kostelecký na 1998 kuwa, inda ƙa'idar Lorentz (wadda ta ce dokokin fiziks ba sa canzawa da gudun mai kallo ko alƙiblarsa) ta ɗan karye, ƙwayar zarra mai caji za ta iya wuce haske ko a fayau ɗin sarari. Idan iyakar saurinta ta ɗara na haske da ɗan kaso δ, na samu cewa fitar hasken yana farawa ne a kuzari wajen mc²/√(2δ), inda m nauyin ƙwayar ne, c kuma saurin haske. Wannan ya zauna min.

Inda na maƙale shi ne yawan kuzarin da take zubarwa. Da na sa n (ma'aunin yadda wuri ke rage saurin haske) maras canzawa a lissafin Frank da Tamm, sai jimillar ta ƙi tsayawa, tana ƙaruwa ba iyaka. A ruwa n yana sauka ƙasa da 1 a manyan firikwansi, shi ke yanke ta. To a fayau me zai yanke ta? Zatona ja da bayan da ƙwayar take yi idan ta saki fotan ne, wato dole a koma lissafin kwantam. Haka ne? In haka ne, ta ina zan fara? Na gode, Allah ya ƙara ilimi.