Wai akwai ɗan damfara mai amana?

Ɗan Gwale: Salamu alaikum. Ni fa abin ya ishe ni. Kullum a gidan nan zancen Tanjiro da Deku, jaruman anime, kartun ɗin Japan, masu zubar da hawaye don abokin gabarsu ya ji ciwo. Jiya na saka hoton Reigen, ko mutum ɗaya bai tanka ba, amma da aka saka na Goku sai da sitika ta cika min waya. To bari in faɗa, mai jin haushi ya ji: masu bin son zuciyarsu a anime sun fi waɗannan salihan kama da mutane, kuma sun fi daɗin kallo. Ku dubi Reigen na Mob Psycho 100. Ba shi da baiwar komai, ya buɗe ofis wai yana korar fatalwa. Wanda ya zo da ciwon kafaɗa yana cewa an hau shi, sai ya yi masa tausa ya warke. Wanda fatalwa ta fito a hotonsa, ya goge ta a kwamfuta. In abin na gaske ne, ya watsa gishiri, ya buga wa Mob, yaron ofishinsa mai baiwar gaske, waya. Ɗan damfara ne, amma ɗan damfara mai amana.

Hajjaju: Amana? Mutumin da yake biyan yaro ɗan makaranta yen 300 a awa, yaron ya yi aikin, shi ya karɓe kuɗin? Ƙanena, in wannan ce amana, Allah Ya raba mu da ita.

Ɗan Gwale: Anti, ba a nan maganata take ba. Cewa na yi sun fi daɗin kallo.

Hajjaju: Kai ka ce amana, ba ni ba.

Ustazun Gida: A yi hattara da kalmar nan. Hadisi ya zo da alamomin munafuki uku: in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alƙawari ya saɓa, in an amince masa ya ci amana. Wannan bawan Allah da ƙarya yake karyawa, da ita yake kwana. Ta ina amana ta shigo?

Mai Malafa: Allah gafarta Malam, zane ne fa. Za a yi wa kartun fatawa kuma?

Ɗan Gwale: Malam, ka kalli ƙarshen zango na ɗaya kuwa? Lokacin da manya 'yan ƙungiyar mugaye ta Claw suka taso yaran a gaba, wa ya hana Mob ya ɗaga hannu a kan mutane, ya ce masa ba laifi ba ne ya gudu, ya bar manya su ji da abin? Reigen ne. Yaron da aka bar masa bai lalace a hannunsa ba. Kuɗin ne dai ya danne.

Ustazun Gida: Ban kalla ba, kuma ba sai na kalla ba.

Uchiha na Zariya: Ku daina ɓata bakinku a kan mai gishiri. In ana maganar amana a anime, sunan mutum ɗaya ake kira: Itachi na Naruto. Yana ɗan shekara 13 aka ɗora masa abin da dattijo ba zai iya ɗauka ba. Danginsa na shirin juyin mulki a garinsu Konoha, Danzo, ɗaya daga manyan garin, ya ce ko ya gama da su a bar masa ƙaninsa Sasuke, ko a haɗa har Sasuken. Ya yarda duniya ta tsine masa, ya tafi da sirrin. Wannan ita ce amana.

Hajjaju: Innalillahi. Wanda ya kashe uwarsa da ubansa a ɗakinsu? Yau na ga abin da ya fi na Ɗan Gwale.

Uchiha na Zariya: Amanar gari ya riƙe, Anti.

Hajjaju: Ya ci ta jini. Kuma ƙanin da kuke cewa ya tsare, azabar da ya gana masa fa? Sau biyu yana sa yaron nan ya sake ganin kisan iyayensa. Wane irin so ne wannan?

Autan Mama: Haba jama'a! Yanzu na fara Naruto Shippuden, ban san Danzo ne ya sa shi ba. Kun gama da ni wallahi.

Uchiha na Zariya: Auta, littafin ya ƙare tun 2014, na talabijin 2017. Laifin wa?

Autan Mama: Laifin wanda ba ya iya rubuta "kar ka karanta" a sama. Admin, akwai doka a kan wannan ko babu?

Ɗan Maraɗi: Ina wuninku. Ni duk wanda bai ga Berserk ba, bai san cin amana ba. Griffith, mutanen da suka yi shekaru suna zubar da jini dominsa, suka shiga kurkuku suka fito da shi bayan ya zama gawa da rai, su ya miƙa hadaya a dare ɗaya don mafarkinsa na samun daula. A ajiye Reigen gefe, shi ko kaza bai yanka ba.

Mai Malafa: Wannan ai ba mai kare shi.

Baƙin Doki: Ni ina kare shi. Tun farko bai ɓoye musu burinsa ba, su suka bi shi.

Hajjaju: Admin, a duba wannan lambar, ba mu san shi ba.

Mai Malafa: Ku dawo kan Nami ta One Piece ku ga yadda ake yi. Ɓarauniya ce, ta ma gudu da jirgin abokan tafiyarta su Luffy da dukiyarsu daga gidan abincin Baratie. Amma shekara takwas tana sata tana tara beri, kuɗinsu na can, miliyan 100 don ta fanshi ƙauyensu daga hannun Arlong, wanda ya harbe matar da ta raine ta a gabanta. Ba ta kashe kowa nata ba. Wancan naku ya share dangi kaf, kuna tafa masa.

Uchiha na Zariya: Na san za a zo nan. 'Yan One Piece ba sa iya shiru. Kashi sama da dubu, har yau ba a ga dukiyar da suke nema ba.

Mai Malafa: Gara mu. Ku 'yan Naruto rabin naku ciko ne, a yi ta nuna lilo ɗaya ana kiɗan tausayi.

Uchiha na Zariya: Ka taɓa lilon nan ka taɓa ni.

Mai Malafa: Tunda amana ake yi, ina memori ɗina mai giga 64 da ka ara tun ƙaramar salla?

Uchiha na Zariya: Wannan maganar ta bayan fage ce, baba.

Mai Malafa: Na bi ka ta bayan fagen, ka karanta ka yi gum.

Hajjaju: Laifi tudu ne. Ashe shi ya sa yake son Itachi.

Ɗan Gwale: Don Allah a dawo kan abin da na ce. Ko Light na Death Note, mai littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki zai mutu, me ya sa aka zauna aka kalli kashi 37 ba a gaji ba? Saboda kana gani da idonka yadda mai cewa zai gyara duniya ya rubuta sunan Lind L. Tailor don kawai ya kira shi mugu a talabijin, daga baya ya bi ta kan jami'an FBI da ba su yi wa kowa laifi ba. Ana son ganin inda son kai zai kai mutum.

Ustazun Gida: To shi ma mai amana ne?

Ɗan Gwale: Ni na ce haka, Malam?

Baƙin Doki: Ni na ce.

Admin: Ya isa haka, saƙo ya yi yawa, masu ƙaramar data suna ƙorafi. Ga abin da aka tsayar. Reigen ba shi da amana, kowa ya yarda. Griffith ba a ma maganarsa. Nami ta yi ƙoƙari daidai ƙarfinta, amma sata sata ce. Mafi rinjaye sun gamsu cewa Itachi ne ya fi kowa riƙon amana a tarihin anime, duk da wasu sun kawo son rai. Maganar memori ba ta guruf ba ce. Auta, ka yi haƙuri, amma ka ƙara sauri.

Hajjaju: Wane rinjaye? Mutum ɗaya ne ya faɗa, sai kai mai hoton Sharingan, idon su Itachi, a kan lambarka.

Ɗan Gwale: Ni ban yarda da batun Reigen ba, kar a saka ni a "kowa".

Admin: An rufe. Admin kaɗai ke iya turo saƙo zuwa bayan isha'i.