Kayan biro na wata shida: haya ko saye?

Sakatariyar ƙungiya, Sabon Gari: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ƙungiyarmu ta mata ta samu aikin wata 6, za mu buɗe ɗan biro, wato ofis. Muna buƙatar tebur 3, kujeru 10 da armuwar ta ajiye takardu. Ba na son mu sayi sababbi, aiki ya ƙare a jibge su a magaza gara ta cinye. Na ga an yi haka a inda na taɓa aiki, har yau abin yana mini ciwo. A taimaka da shawara.

Mai hayar kujerun biki: Wa alaikumus salam Hajiya. Ranar taro ki ɗauki na roba haya, da kwana ake biya. Amma zaman kullum har wata 6, tsakani da Allah kuɗin haya zai zarce na kujerar kanta.

Kafinta, Zango: Hajiya, ki nemi na hannu, amma ki kife teburin ki duba ƙarƙashinsa kafin ki biya. Masu sheƙin nan da ake kawowa cikin kwali, garin katako ne aka matse da gam. Da ruwa ya taɓa su sai su kumbura, in kusa ta fita ba ta sake kamawa, ɗauka biyu a amalanke sun rugurguje. Ko a murhu ba su da amfani, hayaƙin gam ɗin yana cutarwa. Jan katako kuwa, ko ya shekara 20, a kankare shi a shafa masa fenti ya dawo sabo. Katakon nan daga kudu ake kawo mana shi, ba a Damagaram yake tsirowa ba, shi ya sa raina yake ɓaci in na ga an farfasa tebur mai lafiya an hura wuta.

Mai walda, kusa da kasuwar Dole: Armuwar kam ta ƙarfe. Gara ba ta da iko da ita. In makulli ne ya lalace, aikin yini ɗaya ne.

Tsohon ma'aikaci, Birni: Ƴata, kafin kasuwa, zagaya ƙungiyoyin da aikinsu ya ƙare. Sau da yawa kayan suna nan a kulle, ƙura ta rufe su. Ki roƙi aro ko haya da wata. Sai dai a yi takarda: yawan kaya, halin da suke ciki, wa zai gyara in sun karye. Ki ɗauki hotonsu ranar karɓa.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou: Baba, in an sayo na hannu daga Kano fa?

Tsohon ma'aikaci, Birni: Kuɗin mota ta Matamaye da na duwan (kwastan) za su cinye rangwamen. Kaya 14 ba su kai wannan wahala ba.

Sakatariyar ƙungiya, Sabon Gari: Allah ya saka da alheri. Gobe zan fara da ƙungiyoyin. Malam kafinta, in na samu teburan za ka zo ka duba mana kafin mu sa hannu?

Kafinta, Zango: In sha Allah. Bayan la'asar ina shago.