Da Me Zan Fara Manhajar Masu Saƙar Kwarashi?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina tsara manhajar zumunta domin masu saƙar kwarashi. Da me ya kamata in fara?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki fara da wurin adana bayanin kowane aiki, wato irin zaren, kaurin kwarashin da layin da aka tsaya, domin wadda ta ajiye saƙa mako guda takan dawo lissafi ya ɓace mata.

Amsa ta biyu: Ki lura cewa ƙullin da Amurkawa ke kira mai ɗaya, a Ingila mai biyu ake ce masa. Lallai kowane samfuri ya nuna tsarin da ya bi.

Amsa ta uku: Ki nazarci Ravelry, shafin zumunta na masu saƙa a intanet, wanda ya fara aiki a 2007.