Kuza za ta kori girafait daga batirin litiyam?

Injiniya, Aboabo: Ina nan kan bakana: garin kuza mai laushin nanomita (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita) zai kori girafait daga anod ɗin batirin litiyam, wato ɓangaren da litiyam ke shiga in ana caji. Girafait iyakar cajin da yake ɗauka 372 mAh ne a giram, don sai atom shida na kabon ke riƙe atom ɗaya na litiyam. Kuza biyar kuwa suna riƙe litiyam 22, kusan 990 mAh a giram.

Malama, Asawase: Yallabai, a takarda haka ne. Amma kuza in ta sha litiyam kumbura take da wajen kashi 260 cikin ɗari, girafait kuwa kashi 10 ne. Caji ya shiga ta kumbura, ya fita ta motse, har ta farfashe ta saki farantin jan ƙarfen da aka shafa ta a kai. Gutsuren da ya saki ya mutu ke nan.

Injiniya: Ai shi ya sa ake niƙe ta, Malama. Ƙaramar ƙwaya ba ta saurin tsagewa, balle an saka ta a kwanson kabon an bar mata fili.

Malama: An toshe nan, can ta ɓalle. Yawan laushi, yawan fuskar da ke taɓa ruwan batir, ɓawon da ruwan ke yi a kan fuskar (SEI) sai ya yi yawa, kuma litiyam yake ci. Duk kumburi ya tsaga ɓawon, sabo ya fito ya ƙara ci. Ga kuza da taushi, a digiri 232 na Celsius take narkewa, ƙwayoyin ma dunƙulewa suke yi a hankali. Filin da aka bari a kwanson kuma daga ribar aka yanke shi.

Mai gyaran batir, Suame: An fa gwada. Fuji sun fito da na oksayid ɗin kuza a 1997, cajin farko ya cinye litiyam mai yawa ya zama Li2O, wato oksayid ɗin litiyam. Sony sun sayar da batirin Nexelion a 2005, mai anod na kuza da kobal da kabon, bai mamaye kasuwa ba. Yanzu silikon ake barbaɗawa cikin girafait.

Injiniya: Kuza ta fi silikon wuce da lantarki, Maigida, kuma da wuya litiyam ya taru a kanta in ana cajin gaggawa.

Malama: Wannan na yarda. Sai dai yawancin gwajin da ƙaramin batir mai kama da kwabo ake yi, gaban ƙarfen litiyam mai yalwa da ke rufe asara. A haɗa kuza da katod na gaske, wato ɗaya ɓangaren batir, a yi caji 500, mu ga saura nawa.