Neman shawara kan koyar da zaizayewar haƙora

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa. Ina koyar da ɗaliban likitancin haƙori da suka fara duba marasa lafiya, kuma na maƙale a kan darasin zaizayewar haƙora da tsami ke jawowa. A aji suna iya bayyana cewa ɓawon haƙori yana fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da kimanin 5.5 (wato tsami ya yi yawa), sun kuma haddace ma'aunin BEWE, wanda ake auna girman zaizayewar haƙora da shi, mai maki 0 zuwa 3 a sassan baki shida. Amma da mara lafiya ya buɗe baki sai su rikice.

Makon jiya wata ɗaliba ta duba mutumin da haƙoransa na gaba na sama suka yi sulɓi ta ciki, matauninsa kuma ya yi ɗan rami har cikon da aka yi masa ya ɗara saman haƙorin, sai ta ɗora laifin a kan asuwaki, ba ta tambaye shi ƙwannafi ko yawan shan lemon kwalba da tsamiya ba.

Wace hanya kuka bi har ɗalibanku suka iya bambanta zaizayewar tsami da ta gugar buroshi ko cizon haƙora cikin barci? Hotuna sun ishe ku, ko sai da kwafin haƙoran a hannu?